Saƙon da Alhusaini Bai Goge Ba

A garin Tama akwai wani manomin albasa mai suna Alhusaini. Mutum ne mai fara'a, sai dai ba ya iya ce wa kowa a'a. Shi ya buɗe gurup ɗin watsap na masu lambu, kuma shi kaɗai ke da ikon sa mutum ko fitar da shi.

Cikin gurup ɗin akwai kawunsa Iro, wanda kullum sai ya saki saƙon murya yana zagin wani. Dattawa suka yi ta ficewa ɗaya bayan ɗaya. Wata rana Nasiba, shugabar mata masu lambu, ta tare Alhusaini a bakin rijiya.

"Alhusaini, ka hidda Iro, ko ka ja mishi kunne. Bakin mutumen ga zai jawo muna masifa."

"Haba Inna, ƙanen uwata ne fa. Da wane ido zan dube shi?"

Da sanyi ya shigo, irin albasar mutane da yawa ya bushe. Ranar wata Laraba da hantsi Iro ya saki murya, ya rantse cewa shekaranjiya ya ga Yaƙubu, maƙwabcinsa da suke rikicin iyaka, yana zuba maganin kashe shuka a fangalin albasar mutane. Alhusaini ne ya fara saurara. Ya san ƙarya ce, domin a makon nan tare suka yi kwana uku da Yaƙubu a Madawa, jiya suka dawo. Ya ɗora yatsa zai goge, sai ya tuna fuskar kawunsa. Ya mayar da salula aljihu, ya ce bari ya yi azahar tukuna.

Kafin azahar saƙon ya zagaye gari. Matasa suka iske Yaƙubu yana ban ruwa, suka rufe shi da sanduna. Bai kai gidan likita na garin Buza da rai ba.

Bayan kwana biyu malamin gona ya duba fangalin, ya ce cuta ce ta kama irin. Jandarmomi suka tafi da Iro da matasa shida. Alhusaini ya je gaisuwa, matar Yaƙubu ta ce daga bayan zana:

"Kai ka san inda maigidana yake rannan. Mi ya hana ka hwaɗi?"



Darasi: duk wanda aka damƙa wa ragamar taro, amana ce ya ɗauka. Ya tsawata wa mai ɓarna tun da wuri, ko da ɗan'uwansa ne, domin kunyar mutum ɗaya tana iya cin ran wani.