Ruƙayya Ta Daina Duba Allo

Akwai wani injiniya mai suna Ɗalhatu, mutumin Gusau, da ke zaune da iyalinsa a Mesaimeer, a birnin Doha. Mutum ne mai ilimi, amma irin masu ilimin nan da ba a gaya musu magana su ji.

'Yarsa ɗaya ce, Ruƙayya, mai shekara goma sha ɗaya. Rana ɗaya ya cire ta daga makaranta, ya ce a gida za ta yi karatu. Ya sayo mata kwamfutar hannu, ya saka mata manhajar AI mai koyarwa. Kuɗin makarantar kuma ya riƙa zubawa a asusun ajiya, don Ruƙayya ta karanci likitanci idan ta girma.

Da farko abin ya yi kyau. Duk jarrabawar da manhajar ta yi mata sai ta cinye. Ɗalhatu ya riƙa nuna wa abokansa makin bayan sallar Juma'a, bakinsa har kunne.

Mahaifiyarta Haulat ce ta fara lura. Yarinyar ta daina duba allon kwamfutar. Sai ta kwanta ta rufe ido, ta ce wa manhajar ta karanta mata, ita kuma ta amsa da baki. Ga yawan tuntuɓe da kujeru, ga ciwon kai.

"Abban Ruƙayya, idon yarinyar nan ba lafiya ba. Mu kai ta asibiti."

"Haba Haulat! Wannan shi ne karatun zamani. Mai ciwon ido ce ke cin ɗari bisa ɗari?"

Ita kanta Ruƙayya ta same shi yana shirin fita aiki. "Abba, na gaya wa AI ina ganin duhu a gefe-gefe. Ta ce in faɗa muku a kai ni wurin likitan ido."

Ya yi dariya yana ɗaura agogo. "Na'ura ce, komai aka ce mata sai ta ce likita. Ki rage hasken allon. Khalas, shi ke nan."

Abin takaici ke nan. In na'urar ta yabi 'yarsa gaskiya ta faɗa, in ta yi gargaɗi kuma ta zama na'ura.

Haka aka tafi. A aji, malama za ta ga yarinyar da ba ta iya kwafar rubutun allo. A gida kuwa, manhajar ba ta gajiya da karanta mata, maki bai taɓa sauka ba, Ɗalhatu kuma maki kawai yake dubawa.

Sai wata Asabar da suka je tashar jirgin ƙasa ta Mushairib. Ruƙayya ta yi karo da wani ƙaton ginshiƙi da ke gefenta, goshinta ya fashe. Ɗalhatu ya ɗago ta.

"Ba ki gan shi ba?"

"Wallahi Abba ban gan shi ba."

A asibiti, likitan ido, Dakta Nasidi, ya daɗe yana auna ta kafin ya ajiye kayan aikinsa.

"Injiniya, hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, jijiyar ta mutu, ba ta dawowa. Na dama za mu yi ƙoƙari mu tsare abin da ya rage. Da an kawo ta tun da ta fara ganin duhun, da ba haka ba. Ba ta taɓa faɗa muku ba?"

Haulat ta fashe da kuka. Ɗalhatu ya sunkuyar da kai.

A mota, Ruƙayya ta lalubo hannunsa.

"Abba, kuɗin da kake tara mini ɗin nan... ana karɓar mai ido ɗaya a karatun likita?"

Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya kifa kansa a kan sitiyari, ya yi kukan da bai taɓa yi ba tun rasuwar mahaifinsa.

Darasi: Na'ura za ta iya koya wa ɗanka karatu, amma ba za ta zame masa uwa da uba ba. Ku koyi yadda take aiki, ku zauna kusa da yaranku, kuma in yaro ya ce wani abu na damunsa, ku ajiye komai ku saurare shi. Ku tura wa duk iyayen da 'ya'yansu ke karatu a gida, wataƙila ku ceci idon wani yaro.