Farar da Gaji Ta Aika Djougou

Akwai wata mata a unguwar Titirou ta Parakou, sunanta Gaji, sana'arta suyar fara. A shekarun da ƙasar Dahomey ta samu 'yancin kai, babu wadda ta kai ta iya suya. Amma fa taurin kai, sai dai a yi shiru. Ba a gaya mata magana ta ji.

Wata shekara fara ta sauka a gonakin Tourou, kusa da Parakou, ta cinye dawa har ganye. Magajin gari ya tura ma'aikata suka fesa magani, mai shela ya zaga da ganga: kada kowa ya ɗebi farar da ta faɗi, guba ce, za a tara a ƙone.

Gaji ta taɓe baki. "A ƙone abinci? Yaushe masu wandon bature suka san fara?"

Maƙwabciyarta Hajo ta ce, "Yaya Gaji, ki ji tsoron Allah. Kajin da suka ci farar nan ko ɗaya ba ta kwana ba."

"To ni kaza ce? Wuta ba abin da ba ta kashewa."

Ta je ta cika buhu biyu kafin a zo ƙonawa, ta soya, ta barbaɗe da yaji. Duk Parakou an ji shela, ba mai saye. Sai ta ba direban motar goro ya kai wa wani mai sayarwa a kasuwar Djougou, inda mai ganga bai je ba. Kai jama'a, son zuciya bai yi ba!

Kashegari ta fito tsakar gida, ta tarar da kyanwarta a miƙe, kumfa a baki, kusa da kaskon suya da ta lashe. Sai a lokacin Gaji ta tuna 'yarta Zuwaira tana aure a Djougou, da cikin fari, kuma ba ta iya ganin fara ta wuce.

Ko mayafi ba ta ɗauka ba, ta ruga tasha. Duk tsayawar da mota ta yi a hanya, sai ta ji kamar ta sauka ta ƙarasa da ƙafa. Bakinta ba abin da yake fita sai "Ya Allah, ya Allah."

Tana sauka ta kutsa kasuwa tana ihu: "Kada ku ci! Guba ce! Ni na soya ta!"

Mai sayarwa ya zaro ido. Buhu ɗaya ya riga ya ƙare tun jiya.

A ƙofar gidan 'yarta ta gamu da surukinta Dalhatu, idonsa ja. Ya ce, "Inna, tana asibiti. Ita da wasu mutane."

Allah ya sa ba a rasa rai a cikinsu ba, amma cikin Zuwaira ya zube.

Da ta farfaɗo ta ga uwarta, sai ta kama hannunta, ta ce, "Inna, mun ji ƙishin-ƙishin an yi feshi, har maigida ya hana ni. Amma mai sayarwa ya ce suyarki ce. Na ce in dai daga hannun Innata ta fito, ba abin da zai same ni."

Darasi: Idan hukuma ta yi gargaɗi kan feshi ko maganin ƙwari, ku ji. Abin da ka san cuta ne, kada ka tura wa na nesa, domin a can ma akwai ɗan wani, ƙila naka ne. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.