Mai Cuɗa wa Minjirya Baya

Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne.

Ta iso, muna ji.

A ƙarƙashin teku akwai wata tsohuwa, Minjiryar Teku, faffaɗa kamar faifai. Duk wanda ya taɓa ta, sai ta fizge shi, jikinsa ya ɗau rawa. To, al'adar kifaye ce ran Juma'a kowa ya cuɗa wa ɗan uwansa baya. Ita kuwa tunda uwarta ta haife ta ba wanda ya taɓa cuɗa mata. Gansakuka ta rufe bayan. Kaɗaici ya ishe ta.

A kan wani dutse kuma akwai Karen Teku, ƙato mai gashin baki. Kifaye suka ce, "Kai da ke shan iska? Na tudu ne kai." Na tudu suka ce, "Ina ƙafarka? Koma ruwa." Shi ma shi kaɗai.

Ran nan ya nutsa, ya tarar da Minjirya.

"Sannu, Inna."

"Yauwa, ɗan nan. Cuɗa mini baya mana."

Ya kai hannu. Zirr! Ta yar da shi can, gashin bakin ya miƙe tsaye.

Wata Juma'ar ya naɗe hannu da ciyawa. Zirr! Ta yar da shi can.

Ta uku, ya zauna gefe. "Inna, wai me na yi miki?"

"Wallahi ba da gangan ba ne. In na tsorata abin ke fita. Ni kuwa da na ga hannu, sai in tuna yanzu za a gudu a bar ni."

"To, ba inda za ni."

Ya zauna. Ya zauna. Ƙirjinsa na zafi don riƙe numfashi, ya zauna. Da tsoronta ya kwanta, ya ɗora hannu a hankali. Shiru. Ya cuɗa, gansakuka na zuba, tsohuwa na kuka.

"Ashe haka hannu yake da ɗumi? Kada ka tafi."

"Inna, numfashina ya ƙare."

Ya yi sama. Ita ba ta iya binsa, shi ba ya iya zama.

Har yau kowace Juma'a yana nutsowa, ya cuɗa mata iyakar numfashi ɗaya. Sauran kwana shida tana kwance cikin yashi, idanunta biyu na kallon sama.

Ƙurunƙus, kan ɗan kifi. In kun ga wanda kowa ke gudu, ku zauna ku tambaye shi dalili.