Kurege da Muryar Cikin Tulu

Ga ta nan tafe, ku gyara zama.

"A dandalina ba a taɓa ƙarya ba, kuma ba za a fara ba," in ji Kurege ranar da ya buɗe dandalin sada zumuntar da ya raɗa wa suna Rami.

Lokacin waya ta cika daji, kowace dabba da tata. Tsohon dandali na Giwa ne, ita kuwa duk maganar da ba ta yi mata daɗi ba sai ta goge. Kurege da yunwa ta ishe shi ya ce a nasa kowa ya faɗi son ransa, ladan shiga gyaɗa cike da tafi. Kan ka ce me, rumbunsa ya cika.

To, wurin da ba mai tsawatarwa. Wani ya sa cewa ruwa ya dawo fadama, Barewa ta sheƙa ta tarar da busasshen taɓo. Wani ya ce Zaki ya daina cin nama, Gada ta je yi masa murna, ta dawo da rabin wutsiya. Aka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, gyaɗa ta ja baya.

"Su tafi mana," in ji Kurege. "Ni da bakina ɗaya sai in cika kasuwa."

Da gari ya waye ya buɗe shafuka da sunayen manya, ya zura kai cikin tulu don muryarsa ta yi kauri, yana naɗa. Ya yi muryar Dorina, ya yi ta Damisa, duk suna yabon Rami. Masu shirin fita suka dakata.

Daɗi ya ɗebe shi. Da gari ya sake wayewa ya yi ta Gwaggo Ɓauna, tsohuwar da daji duka ya yarda da maganarta: "Jama'a ku riƙe Rami. Ni da ɗana na fari, Jatau, nan muke wuni."

Da hantsi sai ga Jatau, ƙaton ɓauna, a ƙofar gidan Kurege, dabbobi na biye.

"Malam Kurege, sannu da aiki. Muryar wa na ji ɗazu?"

"Ta mahaifiyarka mana, ranka ya daɗe," aka amsa daga ciki, da wata murya mai kauri.

"Inna dai? Ɗan fari nake. Tun da ta haife ni kunya ba ta bar ta ta kama sunana ba, 'wannan yaron' take cewa. Yau ta faɗe shi gaban duniya?"

"Zamani ne, yallaɓai. Tsofaffi ma sun waye."

"Ikon Allah. Kai ma yau da muryar Inna kake magana. Fito mu gaisa."

Ashe tulun ya maƙale. Kurege ya fito yana lalube, tulu a ka. Jatau ya taimaka masa da kofato, tulu ya tarwatse. Dabbobi suka faɗa rumbu, kowa na kwasar gyaɗarsa.

Kurege ya arce da ƙulu a goshi. Sai da ya kai kan suri ya waiwayo.

"Ku ajiye mini gyaɗar nan. Sabon da zan buɗe, shi kam ba ƙarya."