Ranar Girkin Tasalla

A zamanin da, a wata ƙasa mai yawan fatake, an yi wani Sarki wanda ƙara iri ɗaya ta hana shi sakat. Farke zai ɗaure kayansa ya shiga uwa duniya, a daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, ya dawo ya tarar da matarsa tana goye da ɗan wani. Da abin ya ishi Sarki, sai ya tara malamai da fadawa ya nemi shawara. Wazirinsa, wani dogon mutum mai kaifin harshe da ake kira Waziri Gwadabe, shi ya kawo magani, Sarki kuwa ya amince. Mai shela ya zaga gari yana faɗa: duk namijin da ya ɗaura aure a kan auren wani, kansa na Hauni ne, mai sare kawuna; matar kuma a mayar da ita gidan mijinta na fari, ko tana so ko ba ta so.

Shi wannan Waziri, tsoronsa da ake ji a garin ya fi na Sarki. Sarki in ya yi fushi yakan huce, shi kuwa Waziri bai iya mantuwa ba. Matansa huɗu cif, ta huɗun ita ce Tasalla, mace mai sanyin hali, wadda ba ta da wani aibi sai saurin dariya.

Wata safiya Waziri ya ci ado zai tafi fada, ya sha rawani ya yi masa kunnuwa. Yana fita daga turaka sai bakin rawanin ya maƙale a ƙyaure, yana tafe rawanin yana warwarewa a bayansa bai sani ba, har ya isa tsakar gida da ɗan guntu a ka. Sauran matan suka sunkuyar da kai, don sun san gidan da suke. Tasalla ta danne, ta danne, dariya ta ƙwace mata.

Waziri ya waiwayo a hankali, ya ce, "Je ki gidanku, na sake ki. In ga namijin da zai ɗaga ido ya dube ki a garin nan."

Ta tattara kwanoninta ta koma gidan gwaggonta, Gwaggo Iyatu, da ke can bakin ganuwa. Ta yi iddarta ta gama, ba wanda ya zo daga gidan Waziri, ko da kwanon hatsi. Ba da jimawa ba suka jiyo kiɗa da algaita: Sarki ya ba Waziri ƙanwarsa, Gimbiya Zainaba, an shafe ɗakin Tasalla da farar ƙasa an kai amarya. Gwaggo Iyatu ta ce, "Madalla, 'yar nan. Tunda ya cike gurbi, kin huta."

Amma hutun bai zo ba. Zawarawa irin Tasalla a kan yi musu layi a zaure, ita kuwa ko mai tambayar hanya ba ya tsayawa a ƙofarsu. In ta fita ɗebo ruwa, maza su kawar da kai kamar sun ga makara. Ta rame, ta daina dariya, har in ta ji abin ban dariya sai gabanta ya faɗi, ta waiwaya ta ga ko akwai mai kallonta.

Da damina ta yi ƙarfi, katangar gidan ta zube. Gwaggo ta kira wani magini mai suna Mantau ya tayar da ita. Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, wanda matarsa ta nemi saki tun bara, ta ce ta gaji da zama da mutumin da ya fi hira da laka. Gaskiyarta kuwa, don Mantau yana aiki yana yi wa tubali magana. Tasalla ta kawo masa ruwa ta ji yana ce wa wani tubali, "Kai, zauna daidai. 'Yan'uwanka duk sun zauna, kai ne ɗan sarauta?" Dariya ta taso mata, ta toshe baki da mayafi ta gudu ɗaki.

Katangar da ya kamata a gama tun tuni, Mantau ya yi ta jan aikinta, yau ya ce lakar ba ta tsima ba, gobe ya ce gindin bai yi masa ba. Ranar da dabara ta ƙare masa, ya wanke hannu, ya sa wankakkiyar riga, ya zo ya zauna a zaure da ƙullin goro.

Tasalla ta fito ta durƙusa daga nesa, ta ce, "Malam, ka san matar wa ce ni a da?"

Ya ce, "Na sani."

"Ba ka jin tsoro?"

Ya ce, "Ina ji mana. Amma na ga kin toshe baki ranar nan, abin ya tsaya mini a rai. Ina so ki zo gidana ki ƙarasa dariyar."

Aka ɗaura aure ba kiɗa ba guɗa, limamin unguwa yana addu'a yana leƙen hanya. Tasalla ta tare a ɗan gidan Mantau mai ɗaki biyu. A nan ta san akwai mijin da za a kai wa tuwo ya ce sannu da aiki. Ta so shi so mai tsanani, ta murmure, dariyarta ta dawo da kaɗan kaɗan. Sai dai tsoro bai bar ta ba, ko kofaton jaki ta ji a waje sai ta yi tsit.

Abin da take gudu kuwa ya zo da rana tsaka. Waziri yana wucewa ta unguwar a kan doki, sai ya jiyo dariya ta tsallako katanga. Ya san dariyar. Ya ja linzami ya tsaya, ya saurara har ta ƙare, sannan ya wuce.

Kashegari dogarai suka yi wa gidan tsinke, suka kama Mantau da laka a hannunsa. Waziri ya kai ƙara gaban alƙali cewa saki ɗaya ya yi wa Tasalla, kuma ya mayar da ita tun tana cikin idda, a gaban barorinsa biyu. Ita ce ta yi taurin kai ta ƙi komawa, don haka har gobe matarsa ce. Barorin suka rantse. Alƙali ya dubi 'ya'yansa da ke wasa a ƙofar gida, ya dubi Waziri, ya yanke hukunci: aure a kan aure ne. Sai dai a ƙasar ba a sare kan mutum sai da izinin Sarki, saboda haka aka jefa Mantau kurkuku, aka ce ranar Jumma'a za a gurfanar da su a fada.

Tasalla ta bi malaman gari ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce idonsa na ciwo, wancan ya aiko a ce ba ya nan alhali ga takalmansa a ƙofar zaure. Da ƙyar aka bar ta ta kai wa Mantau fura. Ta tarar da shi da mari a ƙafa, ya zabge.

Ya ce, "Waziri ya aiko. Wai in rantse yaudarata kika yi, kin ɓoye mini an mayar da ke, sai a sake ni in bar gari."

Ta ce, "Ka rantse, Malam. Don Allah ka rantse. Ni ko ta yaya can za a kai ni, kai kuwa ka tsira da ranka."

Ya girgiza kai. "Na kwana ina gwada faɗar maganar, bakina ya ƙi. Ina tsoron Hauni, Tasalla, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba zan yi miki ƙarya don in rayu ba."

Ran Jumma'a da hantsi tana zaune a tsakar gidan Gwaggo Iyatu. Ta riga ta fid da rai. Zuciyarta ta shiga nuna mata gidan Waziri: dogon soron nan, tsakar gidan da ba a ɗaga murya, ɗakunan nan huɗu a jere. Ta tambayi kanta a wanne za a kulle ta, tunda nata an kai Gimbiya. Sai ta daina kuka, ta sake duban ɗakunan a ranta, ta ƙirga su da yatsu.

Ta ce, "Gwaggo, in na koma, ni ce ta nawa?"

Gwaggo Iyatu ta dafe ƙirji. Can ta ce da raɗa, "Rufa mana asiri, 'yar nan. Kina tsammani malaman da suka guje ki ba su iya ƙirga ba ne? Wa zai tsaya a fada ya ce ƙanwar Sarki zaman banza take yi a gidan miji? Kafin a kai ga Waziri an cire harshenki."

Tasalla ta ce, "Ba zan faɗa ba. Tambaya zan yi."

Fada ta cika maƙil. Aka shigo da Mantau, sarƙa na ƙara a ƙafarsa, Hauni yana tsaye a bayansa ya rungume takobi. Tasalla ta faɗi ta yi gaisuwa. Waziri ya tsara bayaninsa tsaf, bai ambaci lokacin da abin ya faru ba. Sarki kuwa bai taɓa sanin matan Wazirinsa ba, don ba a yi wa babban mutum irin wannan tambaya.

Sarki ya ce, "Ke baiwar Allah, kina da ja?"

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, wace ce ni da zan ƙaryata Waziri? Na yarda zan koma. Alfarma ɗaya nake roƙo, wadda ake yi wa kowace mace in za ta shiga gidan da akwai wasu: a faɗa mini ranar girkina. Daga hannun wa zan karɓa, wa kuma zan miƙa wa?"

Fadawa suka yi 'yar dariya, wai ana maganar kan mutum tana maganar tukunya. Waziri ma ya murmusa, daɗin nasara ya ɗebe shi. Ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Uwargida Hassu ta fita, Dela ta karɓa, daga Dela sai Kubura, daga Kubura sai Gimbiya, daga Gimbiya sai..."

Ya tsaya. Mutumin da ya san adadin garuruwan ƙasar da ka, yau ga shi ɗakunan gidansa sun gagare shi.

Sarki ya gyara zama, ya ɗaga hannu yana lanƙwasa yatsu. "Hassu. Dela. Kubura. Zainaba ƙanwata. Ƙarasa, Waziri. Saura yatsa ɗaya."

Sarki ya juya ga babban limami. "Malam, namiji mai mata huɗu in ya ɗaura na biyar, mene ne sunan auren?"

Liman ya share zufa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, babu aure."

Sarki ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Waziri, ranar da ka nemi ƙanwata, da bakinka ka ce mini kana da ɗaki babu kowa. Ni na yi mata walicci. In ka mayar da wannan mata cikin idda, to ka ajiye 'yar gidan sarauta ba aure, ka sa ni shaida. In ba ka mayar da ita ba, ka kawo shaidun zur don in zubar da jinin da bai yi laifi ba. Zaɓi wanda za ka amsa."

Waziri ya zame daga shimfiɗarsa ya kifa goshi a ƙasa. "Tuba nake, Zaki. Ban mayar da ita ba. Dariyarta na ji, raina ya ɓaci."

Sarki ya sa aka cire masa rawani a gaban jama'a, aka kore shi daga ƙasar shi da barorinsa biyu, alƙali kuma aka sauke shi. Matan Waziri aka ba kowace zaɓi, ta bi shi ko ta koma gidansu, aka rasa wadda ta bi shi. Sannan Sarki ya ƙara wa dokarsa gyara: duk wanda ya mayar da matarsa, sai ya faɗa a gabanta da gaban waliyyinta, in ba haka ba maganarsa ba ta da ƙafa.

Aka kwance wa Mantau mari. Suka yi godiya suka fito, shi a gaba ita a baya. Da suka iso gida, Mantau ya tsaya gaban ginin da ya bari ranar da aka kama shi. Lakar ta bushe, tubali ɗaya ya karkace. Ya dube shi ya ce, "Kai kuma, daga na ɗan je fada sai ka kishingiɗa?"

Tasalla ta ji abin ya taso mata. Hannunta ya ɗauko bakin mayafi zai kai baki kamar yadda ya saba, Mantau ya kama hannun a hankali ya sauke shi. Ta yi dariya har da hawaye, dariyar ta tsallake katanga ta fita hanya, ba ta waiwaya ta ga wa ke ji ba.

Nan hikayar ta tsaya. Allah ya raba mu da mai ikon da dariyar wani ke hana shi barci.