Na'urar Idon Sawun Hajiya Aziza

Akwai wata dattijuwa a Malali, Hajiya Aziza, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ba a taɓa jin sunanta cikin tsegumi ba.

Da shekaru suka ja, larura ta same ta. Fitsari kan matse ta farat ɗaya, wani lokaci ya zubo kafin ta kai banɗaki. Alwala ta daina zama. Ta janye daga biki da suna.

Likita ya haɗa ta da wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a saman idon sawu, mai motsa jijiyar da ke kwantar da mafitsara. Bayan makonni ta samu sauƙi, ta koma shiga mutane.

A wani zaman makoki a Doka, tana kan tabarma, zanenta ya ɗan ɗage. Maƙwabciyarta Hansai ta hango ƙaramar fitila tana ƙyaftawa.

Kafin sadakar bakwai, magana daga bakin Hansai ta zaga unguwa: wai na'urar naɗar murya Hajiya ke ɗaurawa, tana kwashe hirar mata tana kai wa mazajensu.

Duk ɗakin da ta shiga sai a yi tsit. Matan da ta koya wa riƙe fensir suka koma amsa gaisuwarta a daƙile. Ko dai ta tona larurar da ta ɓoye, ko ta amsa sunan munafuka.

Ranar Asabar, bayan karatun Islamiyya, ta miƙe ta kwance na'urar, ta ajiye a gaban matan.

"Ga abin da ya hana ku magana. Magani ne. Fitsari nake kasa riƙewa. Kun tilasta wa sa'ar uwayenku faɗin abin da ko 'ya'yanta ba ta faɗa wa ba. Allah ya isar mini."

Ba wadda ta ɗago kai.

Bayan kwana uku, Hansai ta yi sallama, ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Hajiya, ki yafe mini. Ni ma shekara biyu ke nan ban tsaya sahun tarawihi ba saboda irin wannan larurar. Wane likita ne?"

Hajiya ta rubuta mata sunan likitan.

"Tashi, Hansai. Tawa na'urar ba ta naɗar magana. Abin da kika faɗa ba zai wuce ɗakin nan ba."

Darasi: Abin da ba ki sani ba a jikin 'yar'uwarki, kada ki raɗa masa suna. Larura ba abin kunya ba ce, ƙazafi ne abin kunya. Ku tura wa wasu, wataƙila wata na fama a ɓoye.