Fanka Shida a Ɗakin Yaya

Akwai wani mai haɗa sauti da ake kira Injiniya. Ba karatun ya yi ba, kawai dai mutum ne da ba ya tambayar kowa komai.

Wata rana yayarsa ta kira shi. Likita ya ce nan da kwana tara za a yi mata aiki a maƙogwaro, kuma daga nan ba za ta ƙara magana ba. Tana so ya naɗi muryarta, ta bar wa 'ya'yanta biyu nasiha da waƙoƙin da take musu tun suna goye.

Kwamfutarsa ta tsufa, sai ya tafi sayen sabuwa. Mai shagon, wani dattijo, ya ji aikin da za a yi, ya nuna masa wata 'yar ƙarama marar ado. Ya ce ba ta ƙara ko kaɗan, kuma za ta ɗauki manhajar haɗa sautinsa lafiya lau.

Ina! Idon Injiniya na kan wata ƙatuwa ta masu wasan gem, mai fitilu kala-kala da fanka shida.

"Baba, ni ba abin wasan yara na zo saye ba."

"Ɗana, murya za ka ɗauka. Saurari na'urar kafin ka kalle ta."

Ko a jikinsa.

Ya sayi ƙatuwar, ya girke ta a ɗakin Yaya, dab da makirufo. Muryarta ta riga ta dushe, da ƙyar take fita. Kwana uku tana magana, tana hutawa, tana kurɓar ruwan ɗumi. Da ta ce ya kunna su ji, ya ce ga layuka suna motsi a allo, ta bar masa aikinsa.

Sai bayan an yi mata aikin ya sa abin ji a kunne zai tace sautin. Ba abin da ke tashi sai fuuu ɗin fanka, muryar Yaya can ƙasa kamar daga cikin rijiya. In ya cire ƙarar, sai ta tafi da muryar.

Ya koma wa dattijon a guje. Dattijo ya saurara, ya saurara, ya ce Allah ya ba ta lafiya.

Wallahi ban taɓa jin abin tausayi irin zuwansa wurin Yaya ba. Ya durƙusa gaban gadonta yana kuka, ya faɗa mata gaskiya, ya kunna mata. 'Ya'yan suna tsaye a bakin ƙofa.

Yaya ta jawo takarda ta rubuta: "Kar ka goge. Sake kunnawa, kamar a nan na kira sunan Auta."

Ya sake har sau goma sha ɗaya. Auta ta matso ta manna kunnenta da lasifika, sannan ta ce, "Na ji, Mama."

Ba ta ji ba. Kowa a ɗakin ya san ba ta ji ba.

Darasi: Zaɓi kayan aiki don aikin, ba don ido ba, kuma kada girman kai ya hana ka sauraron wanda ya fi ka sani. Wani abin sau ɗaya ake ɗaukarsa. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa amana irin wannan.